Sanyin Kano da Albasar Kilomita Biyar: Tarihin Lissafin Lokacin Lambu

A ƙarshen watan Disamba na shekarar 1823, wasu Turawan Birtaniya biyu, Hugh Clapperton da likita Walter Oudney, suna cikin wani ayari da ya taso daga Kukawa ta ƙasar Barno ya nufi Kano. Wata rana da asuba suka tashi suka tarar ruwan da ya kwana a ƙananan mazubai ya yi ɓawon ƙanƙara a bisa, salkunan ruwa kuwa sun sandare ƙam. Oudney dama ba shi da lafiya, bai kuwa kai Kano ba, ya rasu a Murmur kusa da Katagum cikin Janairun 1824. Clapperton, wanda mutanen ƙasa suka sani da sunan Abdullahi, ya shiga Kano ranar 20 ga wannan watan, kuma labarin ƙanƙarar ya fito a littafin tafiyarsu da aka buga a 1826.

Abin ya ba masu karatu a Turai mamaki, domin a zatonsu ƙasar da take kudu da Sahara ba ta san komai ba sai zafi. Amma duk wanda ya taɓa kwana a fili a tsakiyar hunturu ba zai ƙaryata Clapperton ba. Idan iska ta bushe, sama ta yi tangaran babu gajimare, zafin da ƙasa ta sha da rana yakan tsere cikin dare ba tare da wani abu ya tare shi ba. Salka kuma tana tsattsafo da ruwa, busasshiyar iska tana lashe shi, sai ta ƙara sanyi fiye da iskar da take kewaye da ita. Sai dai irin wannan asuba ba kasafai ake ganinta ba. Manomin Kano ko Katsina yana iya tsufa ya mutu bai taɓa ganin sanyi ya daskarar da raɓa a kan ganye ba.

Harshen kansa yana ba da shaida. Hausa tana da sanyi, tana da ɗari, wato sanyin da yake zuwa da busasshiyar iska, tana da hunturu da hazo da muku-muku, tana da jaura. Ƙanƙara kuwa asalinta wadda take faɗowa tare da ruwan sama ce, daga baya aka ara wa ta firji sunan. Amma wannan farar raɓa da take daskarewa a kan ciyawa da asuba a ƙasashen Turai ba ta da suna guda da kowa ya sani, sai dai a kwatanta ta. Ɗalibin da aka ba fassarar littafin lambu na Turawa a nan yakan fara yin tuntuɓe.

A waɗancan ƙasashe kuwa, wannan raɓa ita ce alƙalin lambu. Mai lambu a Faransa ko Jamus ko arewacin Amurka yana riƙe da ranaku biyu a ka: ranar da aka saba ganin daskararriyar raɓa ta ƙarshe bayan fitar sanyi, wajen Afrilu ko Mayu, da ranar da ta farko take dawowa, wajen Oktoba. Tumatir da barkono da kabewa ba sa jure ta, dare ɗaya ya isa ya ƙone su, saboda haka ana renon irinsu a cikin ɗaki har sai haɗarin ya wuce. Kabeji da karas da albasa suna da juriya, ana iya fitar da su da wuri, a kuma sake shuka su a ƙarshen lokacin zafi. Manoman Faransa suna da wasu ranaku uku, 11 da 12 da 13 ga Mayu, da suke kira waliyyan ƙanƙara, mai hankali ba ya dasa tumatir a fili sai sun wuce. Dabarar dai ita ce ƙidaya da baya: ka san ranar da mai kashe shuka zai zo, ka san kwanakin da shukar take bukata, sai ka cire wannan daga wancan.

Mai lambu Bahaushe ma da baya yake ƙidaya. Bambancin shi ne, abin da Bature yake gudu shi ne Bahaushe yake jira. A ƙasar Hausa sanyi ba ya kashe lambu, shi ne ma yake raya shi. Masu kashe shi biyu ne, ɗaya a gaba ɗaya a baya: laimar damina, wadda take kawo ruɓa da ƙwari, da kuma zafin bazara, wanda yake kakkaɓe fure ya tilasta wa shuka ta nuna ba ta ƙosa ba. Tsakanin ɗaukewar ruwa cikin Oktoba da tsayuwar zafi cikin Maris akwai wata huɗu zuwa biyar, kuma a cikinsu ne alkama da albasa da tumatir da kabeji da karas suke rayuwa. A Kano daren Disamba da Janairu yakan sauko wajen digiri 13 a ma'aunin Salshiyas, wani lokaci ƙasa da 10. Kafin Afrilu ya raba kuwa, zafin rana ya kusa 40.

Akwai inda lissafin biyu suke haɗuwa. A kan duwatsun Azbin, irin su Bagzan da ya haura mita 2,000, Buzaye masu lambu suna fama da zafin bazara, suna kuma fama da daren da ruwa yake daskarewa da gaske. Amma wannan wani labari ne.

Yadda aka riƙa sanin lokaci

Tambayar da ya kamata a yi ita ce, kafin zuwan kalandar Bature da rediyo, da me mai lambu yake sanin cewa lokaci ya yi? Watannin Musulunci ba za su yi wannan aiki ba, domin shekararsu kwana 354 ce, tana gaza ta rana da kwana 11. Azumin da ya zo da ɗari, bayan shekara goma sha shida ko sha bakwai sai ya zo da damina. Saboda haka manoma suna da nasu ƙidayar watanni da take farawa bayan kaka, wadda ita ce ta haifi maganar nan ta watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Wannan watan bakwai ba Rajab ba ne, ba kuma Yuli ba ne, watan da ake zuba ido ga gabas ne ana jiran ruwan shuka.

Malaman hisabi kuma suna da lissafin da ya fi wannan ƙwaƙƙwafi, wato na taurari 28 da aka gada daga Larabawa. Kowane tauraro kwana 13 yake yi, ban da Jabha mai kwana 14, jimla 365 ke nan. An raba su bakwai-bakwai ga bazara da damina da kaka da ɗari. Na damina su ne aka fi sani, Haƙ'a da Han'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha da Harsan, domin su ne na gero da dawa. Na mai lambu kuwa su ne na ɗari: Shaula, Na'a'im, Balda, da Sa'adu guda huɗu da suke biye da su, waɗanda suke ɗaukar wajen ƙarshen Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu. Sunayen na Larabci ne, amma yanayin da aka jingina wa kowanne na ƙasar Hausa ne. An tsara wannan ilmi cikin waƙoƙin ajami domin sauƙin hadda, kuma Mervyn Hiskett ya yi nazarin irin waɗannan waƙoƙi a wata maƙala da ya buga a 1967. A ganina abin sha'awa a nan shi ne, malamin da ba ya riƙe fartanya shi ne yake riƙe wa mai fartanya lokaci.

Ba kowa yake zuwa wurin malam ba, ba kuma dole ba ne. Gawo itace ne mai saɓa wa 'yan'uwansa: da damina yake zubar da ganye, idan ruwa ya ɗauke sai ya yi kore shar. Iska takan juya ta daina zuwa daga kudu, ta koma tana busowa daga arewa maso gabas. Ruwan fadama yakan ja baya ya bar danshi. Leɓe ya fara tsagewa, kaushi ya fito. Wanda ya ga waɗannan bai riga ya yafa irin albasarsa ba, ya san ya makara.

Sunayen kayan lambun su ma tarihi ne. Alkama da albasa daga Larabci suke, kuma wannan al- da take farkonsu tana nuna hanyar da suka biyo, wato ta Sahara. Tsirrai ne na ƙasashe masu sanyi, shi ya sa da suka iso ƙasar Hausa ba su sami mazauni ba sai a cikin ɗari, a bakin rafi da fadama, inda ake ba su ruwa da jigo da guga, fangali bayan fangali. Aikin yana da wuya, amfanin kaɗan ne, saboda haka alkama ta daɗe tana abincin sarakuna da attajirai da ranar biki: alkaki, funkaso, taliya. Kabeji da karas da latas sun zo ne a zamanin Turawa, da sunayensu na Ingilishi. Tsallaka iyaka zuwa Maraɗi ka ji ana cewa shu da karoti da salati, domin can Faransanci ne ya kawo su. Dukkansu layi ɗaya suka shiga, layin sanyi.

Ga yadda ƙidayar take a aikace. Albasa tana yin kamar mako shida zuwa bakwai a wurin reno, sa'an nan a dasa ta, ta yi wata uku zuwa huɗu kafin lawashinta ya kwanta. Mai son ya cire ta tsakanin Fabrairu da Afrilu dole ya yafa iri tun Satumba ko Oktoba, ko a makare Nuwamba. Tana son sanyi lokacin da take yin ganye, tana son zafi da bushewa lokacin da take ɗaure kai, saboda haka ita kaɗai ce bazara take yi wa rana, in dai ta same ta ta riga ta ƙosa. Tumatir ya fi ta sauri a wurin reno, mako uku zuwa huɗu, amma ya fi ta raki. Idan dare ya daina yin sanyi sai furensa ya riƙa zubewa ba tare da ya ɗaura 'ya'ya ba. Wannan ne dalilin da ya sa kwanduna suke cika kasuwar Kwanar Gafan ta jihar Kano daga Janairu zuwa Maris har a rasa mai saye, a yanka a shanya a yi kauɗa, sa'an nan daga Mayu mata su koma neman kauɗar nan da tumatirin gwangwani. Alkama ita ce mafi tsanani. Masana aikin gona na Samaru da na cibiyar binciken Tafkin Cadi a Maiduguri sun daɗe suna cewa a shuka ta tsakanin tsakiyar Nuwamba da tsakiyar Disamba. Wanda ya kai Janairu, zafin Maris zai riski zangarniya tana nono, ƙwaya ta fito a motse.

Injin ya zo, sanyi bai ƙaru ba

A rabin ƙarshe na ƙarni na 20 noman rani ya canja kama. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwanta ya bi magudanai zuwa Kadawa da Kura. An gama ta Bakolori a 1978. A Nijar, bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kountché ta dage wajen tura jama'a noman rani, kuma albasar Galmi mai launin shunayya ta zama hajar da ake kaiwa har Gana da Kwaddebuwa. Daga shekarun 1980 ƙaramin injin ban ruwa da rijiyar burtsatse suka kori jigo daga yawancin fadamun Nijeriya, shirin Fadama na ƙasa da Bankin Duniya ya tallafa a farkon shekarun 1990 ya ƙara yaɗa su.

Duk wannan ruwa ya ƙara, da faɗin ƙasar da ake nomawa. Bai ƙara wa ɗari ko kwana ɗaya ba. An ga haka ƙarara lokacin da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama daga 1987, da nufin a noma ta a gida. Aka ba da iri da taki da injuna, amma gonar da za a shuka alkama a Nuwamba sau da yawa dawa ko shinkafa tana tsaye a cikinta ba a girbe ba, kayan aiki kuma ba kullum suke isowa a kan kari ba. Akwai wasu dalilan, na kuɗi da na siyasa, amma na lokaci shi ne wanda doka ba ta iya gyarawa. An janye hanin a farkon shekarun 1990.

Inda ɗari bai kai ba

Yanzu sai mu bi fatake mu yi kudu, mu ga abin da ya faru da wannan lissafi da ya bar gida. A ƙarni na 19 Hausawa 'yan kasuwa sun bi sawun Fulanin Adamawa har Ngaundere, daga nan suka gangara ƙasar Gbaya suna neman hauren giwa da goro, kuma gaskiya ita ce har da bayi. Kunde, kusa da iyakar Kamaru da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta yau, tana cikin manyan zangunansu. Da Faransawa suka kafa Bangi a bakin kogin Ubangi a 1889, ciniki ya riƙa karkata can. A zamanin mulkinsu ne unguwar baƙi 'yan kasuwa ta kafu a nesa da unguwar Turawa, kilomita biyar daga tsakiyar gari, nisan kuma ya zama suna. Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Cadi da mutanen Senigal da Mali suka zauna tare da 'yan ƙasa, ana ciniki da harshen Sango, kowa yana komawa gida da nasa harshen. Nan babban masallacin birnin yake, nan kuma babbar kasuwarsa ta bunƙasa.

Bangi tana wajen digiri 4 arewa da tsakiyar duniya, Kano tana digiri 12. Ruwan da yake sauka a Bangi ya kai wajen milimita 1,500 a shekara, kuma yana ɗaukar wata takwas ko fiye. Rani gajere ne, daga Disamba zuwa Fabrairu ko farkon Maris. Hazon hunturu yakan leƙo, dare ya ɗan yi daɗi, amma abin da mutumin Bangi yake kira sanyi, Bakano ba zai nemi bargo dominsa ba. Taurarin suna nan a sama yadda suke, Shaula tana shiga a ranarta, sai dai ba ta zuwa da abin da ta saba kawowa a Kano. Watan bakwai ma ba maƙarar komai ba ne, domin kafin ya kama ruwa ya daɗe da sauka.

Ba wai ba a lambu a Bangi ba ne. Masu lambu na gefen gari da bakin ƙoramu suna noma alayyafo da kuɓewa da yakuwa da latas da tumatir, kuma su ma rani ne lokacinsu mafi kyau, domin ruwan damina yana dukan ƙananan shuke-shuke yana kawo musu cuta. Abincin gari kuwa bai dogara ga sanyi ba ko kaɗan: gozo, wato tuwon rogo, da ngunza, miyar ganyen rogo, da ganyen koko da ake tsinkowa a kurmi. Rogo ba ya tambayar wata. Amma albasa mai kai, wadda za ta bushe ta yi ɓawo ta jure ajiya, tana bukatar dogon rani da busasshiyar iska, alkama kuwa ba a ma maganarta.

To, abin da bai yiwu a shuka ba sai aka ɗauko shi a buhu. Albasa da tafarnuwa da ake kasawa a Kilomita Biyar galibinsu daga arewa suke zuwa, daga yankunan Marwa da Garwa na Kamaru, da kuma Cadi, inda albasar Abeshe ta yi suna. Waɗannan wurare duk ƙasar ɗari ce, lissafinsu ɗaya da na Kano da Aliero da Galmi. Saboda haka ɗan kasuwar Kilomita Biyar, ko da a Bangi aka haife shi bai taɓa jin muku-muku ba, da kalandar hunturu yake aiki. Ya san kaya suna yawa suna araha daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ake cirewa. Ya san daga nan sai wadda aka adana a rumbu, tana raguwa tana ruɓewa, kuɗinta yana hawa har ƙarshen shekara. Ya kuma san buhun da ya shigo laimar Bangi ba zai daɗe ba zai fara tsiro, don haka ajiyar a can arewa ake yinta, a nan sai dai a sayar da sauri. Ilmin da kakansa yake amfani da shi wajen yafa iri, shi yana amfani da shi wajen sanin ranar da zai saki kuɗi.

Wannan tsari yana da rauni guda, wato hanya. Ƙasar ba ta da teku, kuma yawancin kayan da suke shiga Bangi ta titin da ya taso daga Duwala ya ratsa Garwa-Bulai suke bi. A Maris 2013 'yan tawayen Seleka suka ƙwace birnin, a Disamba na shekarar mayaƙan anti-balaka suka kawo hari, abin ya rikiɗe ya zama farautar Musulmi. A farkon 2014, daidai lokacin da ake cire albasa a arewa, manyan motoci suna fita daga Bangi ne cike da mutane masu gudu zuwa Cadi da Kamaru. Ƙungiyoyin agaji suka yi gargaɗi a Fabrairun shekarar cewa yawancin manyan dillalan abinci sun bar gari, kaya sun yi wuya, farashi ya tashi ga kowa, Kirista da Musulmi. Waɗanda suka rage a Kilomita Biyar suka zama kamar a kurkuku, fita unguwar tana iya zama ajali. A cikin wannan hali ne Paparoma Francis ya ziyarci babban masallacin ranar 30 ga Nuwamba 2015.

Kasuwar ta farfaɗo sannu a hankali, wasu daga cikin waɗanda suka gudu suka dawo. Sai kuma a Disamba 2020, gab da zaɓe, gamayyar 'yan tawaye ta tare titin Kamaru. Ɗaruruwan motoci suka yi cirko-cirko a Garwa-Bulai makonni da dama, sai cikin Fabrairun 2021 ayarin farko suka fara wucewa da rakiyar sojoji. Siminti da ƙarfe suna iya jiran a buɗe hanya. Albasar da aka ɗora wa tamfol a bayan mota kuwa, kwanakinta ƙidayayyu ne tun daga ranar da aka cire ta a fangali, kuma a kasuwannin Bangi kuɗinta yana cikin waɗanda suka fi saurin tashi a waɗannan makonni.